Inuwa Maigadi da Taurarin Tagulla Biyu

Wata Talata ce cikin watan Agusta, yau shekara biyu ke nan. Tun da hantsi hadari ya taso daga gabas, ya yi baƙi a kan rufin masana'antun Bompai, amma ya ƙi sauka. Iska ta ɗauke, gari ya yi ta dafa mutane har azahar. Sai da muka idar da salla sannan ruwan ya kece, irin mai ƙarfin nan da ke cika kwata nan da nan ya malalo kan titi. Na kwashe tiren gorona da alewa na shige ɗakin gadin Inuwa, kamar yadda na saba duk ranar da aka yi ruwa. A ranar ne abin da ya shekara talatin da takwas yana jira ya zo ya same shi har bakin ƙofa. Amma bari in fara faɗin ko wane ne Inuwa.

Ni sunana Mamman. Na zo Kano daga ƙasar Gumel ina saurayi, na samu aikin dako a wata masana'antar matse man gyaɗa da ke Bompai. Ranar da na fara zuwa, Inuwa ne ya buɗe mini ƙaramar ƙofa, ya dubi ƙafata ya ce, "Da wannan takalmin za ka ɗauki buhu? Je ka baya, akwai wani tsoho nawa a ƙarƙashin benci." Tun daga nan muke tare. Dogo ne, siriri, ba ya ɗaga murya. In mota ta zo ba ta da takarda, ba ya faɗa da direba, sai dai ya koma ya zauna ya bar shi ya yi ta danna ham har ya gaji.

Mahaifinsa shi ne Yahaya Soja, mutumin bakin kogin Challawa. Lokacin yaƙin duniya na biyu aka ɗauke shi soja, aka kai su Burma, wadda tsofaffi ke cewa Bama. A can aka haɗa shi da wani hafsan Ingilishi, Kyaftin Holbrook, ya zama shi ke kula da kayansa, ya ɗaukar masa jaka, ya dafa masa shayi, ya bi shi duk inda ya sa ƙafa. Na riski Yahaya da tsufansa, kuma ba mai yawan labarin yaƙi ba ne. Abu ɗaya yake maimaitawa. Wai wata rana sojojin Japan sun tare su a bakin wani kogi da ya cika, aka tsallaka da waɗanda za su iya tafiya, aka bar masu rauni a wancan gefen. Kyaftin ya ce shi ba zai bar mutanensa ba. Sau uku yana komawa ana harbi, yana riƙe da igiya, har sai da aka kwaso su duka. Saboda wannan aka ba shi lambar azurfa mai rassa huɗu, aka kuma ƙara masa girma ya zama manjo. Yahaya dai har ya mutu Kyaftin yake ce masa.

Da aka gama yaƙi kowa ya koma garinsu. Bayan wasu shekaru sai ga Kyaftin ya dawo Kano a matsayin manajan masana'antar nan tamu. Leburori suka laƙaba masa Mai Lofe, don ba a ganinsa babu lofen taba a baki. Abin da ya fara yi shi ne ya tura mota Challawa aka nemo masa Yahaya a gona. Ya ba shi ɗaki a bayan gidansa, ya mayar da shi kan aikinsa na dā. A gidan nan matar Kyaftin ta haifi 'ya mace ranar Lahadi. Iyayenta suka sa mata Helen, ma'aikatan gida kuwa suka ce Ladi. Shi Inuwa yawancin ƙuruciyarsa a Challawa ya yi, wurin baffansa, yana noma da karatun allo. Sai da rani yake zuwa Bompai ya yi 'yan makonni. Da ya girma ne Kyaftin ya ba shi gadin ƙofa.

A 1974 Kyaftin ya kamu da ciwon ƙirji, ya tafi Ingila da matarsa ganin likita, ya ce wata uku zai dawo. Kafin ya tafi ya ba Yahaya lambobinsa huɗu na yaƙi, don ƙyallen da ake rataye su ya soma zarewa, ya ce a kai wa tela a Fagge ya gyara. Akwai ta azurfar nan, da farare biyu masu zagaye, da tauraro ɗaya na tagulla wanda ake ba duk wanda ya je Burma. Yahaya ya kai aka gyara, ya karɓo ya ajiye a ɗakinsa. Kyaftin bai dawo ba. Can Allah ya yi masa rasuwa. Kamfani ya turo mutane suka ɗaure kayan gidan a akwatuna cikin yini guda, suka tura Legas. Ranar Yahaya yana Challawa wurin wata jana'iza. Da ya dawo ya kai wa sabon manaja lambobin, shi kuwa ya ce, "Riƙe a wurinka, iyalinsa za su rubuto." Ba wanda ya rubuto.

Yahaya ya naɗe su a ƙyalle, ya hana kowa taɓawa. Sau biyu ya je bakin gidan waya ya sa aka rubuta masa wasiƙa zuwa wani adireshi da ya gani a tsohuwar ambulan. Ɗaya ta dawo, ɗaya ko labarinta babu. Da ciwon ajali ya kama shi a 1985, ina wurin ya kira Inuwa ya ce, "Kayan nan ba namu ba ne. Mutanensa ba su san Challawa ba, ba su san gidan kowa ba. Ƙofar nan kawai suka sani. In za su zo, nan za su zo."

Bai ce masa kada ka bar ƙofar ba. Amma haka Inuwa ya ji maganar, haka kuma ya riƙe ta.

To, ga inda matsalar ta shigo. Shi ma Yahaya yana da nasa lambobin guda uku, a wani ƙunshi daban. Shekara uku bayan rasuwarsa aka yi wani ruwa da yamma wanda ya rushe ɗakin mahaifiyar Inuwa, Iya Aina'u. Aka yi kwana biyu ana tonon kaya a cikin laka. An samu na Kyaftin huɗu cif, amma a na Yahaya tauraro kawai aka gani. Ƙyallayen duk sun jiƙe sun ruɓe. Iya ta sa almakashi ta yanke su, ta wanke lambobin da sabulu, ta zuba su duka biyar a gwangwanin madara ɗaya. Da Inuwa ya taso daga aiki ya zazzage su a tabarma, sai ga taurari biyu iri ɗaya. Babu suna a bayan ko ɗaya. Bambancinsu kawai, ɗaya sabuwa fil, hular Sarkin Ingila da ke jikinta da rubutun duk sun fito raɗau. Ɗayar kuwa ta side, hular ta kusa shafewa, kamar tsohon kwabo.

Ya ce, "Iya, wacce ce ta Baba?"

Ta ce, "Kai ma ka sani. Mai kyan ai ita ce ta Bature. Ina babanka ya ga wurin adana abu har ya zauna haka?"

"Kin tabbata?"

"Ni dai a laka na tsince su, ban tambaye su ba."

Haka ya ware su. Ya haɗa mai kyan da ukun nan ya naɗe a farin ƙyalle, ya sa sidaddiyar ita kaɗai a wani baƙi. Duk wanda ya nuna wa, abin da Iya ta faɗa shi yake faɗa. Ni ma haka na ce masa. Liman ma da ya je masa da maganar ya ce ya yi aiki da abin da ya fi rinjaye a zuciyarsa, Allah ba ya kama mutum da abin da bai sani ba. Inuwa ya yi godiya ya taso, amma a hanya ya ce mini, "Mamman, in na ba su ta Baba na riƙe tasu, ai ban mayar da komai ba. Na yi musanye ne kawai."

Shekaru suka yi ta tafiya. Gyaɗa ta yi ƙaranci, masana'antar ta tsaya, aka sallame mu. Ni na koma Sharada na yi shekara tara a wata masaƙa, ita ma ta rufe, na dawo na kafa tire a gefen ƙofar Inuwa. Wurin ya zama sito, yau a zuba shinkafa, gobe taki. Sau uku yana canza mai shi, kuma duk wanda ya saya sai ya tarar da Inuwa a ƙofa, ya tambaya a ce masa ai tare da ginin yake. Surukinsa Alhassan, wanda ke aiki a wata majemar fata a Challawa, ya samar masa gadi a can, ga albashi mai kauri ga kusa da danginsa. Inuwa ya ce a gode wa manajan. 'Yarsa Ummi, matar Alhassan ɗin, da suka gina gida a Zawaciki sai ta sa aka fitar masa da ɗaki a zaure, har da tabarma sabuwa da buta. Duk sallah sai ta zo da maganar.

"Baba, ku dubi ƙafarku yadda take kumbura. Mutanen nan fa ƙila duk sun mutu."

"Ƙila."

"To ku taho mana. In sun zo Baba Mamman ya kira mu a waya."

"Mamman da ke barci a zaune? Sai su zo su wuce yana minshari a kan goro."

Na ce, "Ni ko barci nake ina jin tsayuwar mota. Kai ne sai an yi maka ham sau bakwai."

Direbobin tirela ma sun san labarin. In sun shigo sai su sara masa su ce, "Kyaftin, yau ma ba su iso ba?" Shi kuwa ya ce, "Suna hanya, go-slow ne a Na'ibawa." A yi dariya, ya buɗe musu. Ban taɓa ganin abin ya ɓata masa rai ba. Yana da rediyonsa, yana da kwanon ƙosansa da safe, ya shuka zogale da barkono a bayan ɗakin gadi. Mutum ne da zamansa ya ishe shi. Taurarin nan biyu ne kawai suke damunsa in ya tuna.

To, mu koma ranar ruwan nan. Muna zaune muna kallon yadda yake zuba, sai wata ƙaramar mota ta tsaya a bakin ƙofa. Direban ya fito da lema ya buɗe baya. Wata tsohuwar Baturiya ta fito, gashinta fari fat, ta tsaya tana kallon tsohon bututun hayaƙin masana'antar, ruwa yana dukan ƙafarta. Inuwa ya leƙa ya ce su shigo daga ciki kada su jiƙe. Da ta shigo ta dube mu ta ce, "Sannunku da ruwa." Hausar ta fito a karkace, amma Hausa ce, irin ta mutanen dā.

Direban, wani Dalhatu, ya ce daga otal ya ɗauko ta. Wai an haife ta a unguwar nan, mijinta ya rasu bara, ta ce sai ta zo ta ga wurin kafin ita ma ta tafi. Tun safe suke yawo, gidan da take nema an rushe an yi shaguna. Bututun nan ne kawai ta gane.

Inuwa ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ce a hankali, "Ladi ce?"

Ta dafa bango. Ta ce, "Wa ya san Ladi a nan?"

"Inuwa ne. Na Yahaya."

"Inuwa mai hawa mangwaro," in ji ta. "Kai ka faɗo a kan kajin mamana."

"Ke kika girgiza reshen."

Na ba ta bencina ta zauna. Suka gaisa, ta tambayi Yahaya da Iya, ya gaya mata. Inda Hausarta ta ƙare sai ta juya Turanci, Dalhatu ya mayar mana. Inuwa bai bari an yi nisa ba. Ya durƙusa ya jawo akwatin ƙarfensa daga ƙarƙashin gado, ya fito da gwangwanin. Ya ce, "Mamman, kai da wannan bawan Allah ku zama shaida." Ya shimfiɗa farin ƙyallen a kan benci, lambobi huɗu suka bayyana.

Ashe ita ba lambobi suka kawo ta ba. Ba ta ma san suna duniya ba. Ta ce su a gida sun ɗauka a jirgin ruwa aka sace su, mahaifiyarta har ta mutu tana jin ciwon abin. Ta ɗauki ta azurfar ta riƙe a tafin hannu, hawaye yana zubo mata, ba ta share ba. Ta taɓa fararen biyu. Da ta zo kan tauraron sai ta ɗaga shi wajen hasken ƙofa, ta juya shi, ta ajiye.

Ta ce, "Wannan ba ta babana ba ce."

Na dubi Inuwa. Ya sa hannu a gwangwani ya fito da baƙin ƙyallen ya warware. Tana ganin sidaddiyar sai ta yi dariya cikin hawayen, ta ce, "Ga ta nan."

Inuwa ya ce, "Ladi, duba da kyau. Wannan ta side. Mu mun ɗauka ta Baba ce."

Ta ce babu abin da za ta duba, a gabanta ta side. Duk ranar Juma'a da safe Yahaya yakan zauna a barandar baya da lambobin, ita tana gefensa tana riƙe masa kwano. Fararen lambobin, ƙyalle kawai yake sa musu. Ita tagullar kuwa da damina takan dafe ta yi baƙi, sai ya haɗa toka da lemon tsami ya yi ta dirza har ta ɗauki ido. Shekara da shekaru haka. Wata rana mamanta ta ce masa, "Yahaya, za ka goge wa Sarki hularsa." Shi kuwa ya ce, "Uwargida, ai yana da wata a gida." Ta ce an taɓa ba babanta shawara ya nemi sabuwa, ya ce ba ya so, wannan ɗin ce tasa.

Ta ƙara da wani abu da mu ba mu taɓa ji ba. Wai babanta bai iya ruwa ba ko kaɗan. Igiyar da ya riƙa bi yana tsallaka kogin nan a Burma, wani ne ya fara yin iyo da ita a baki ya ɗaure ta a wancan gefen. Ta ce, "Babana ya ce yaron Challawa ne."

Inuwa ya ɗauki sabon tauraron ya riƙe. Ruwa ya fara tsagaitawa, ana jin ɗigarsa daga rufin kwano. Can ya ce, "Wato Baba bai taɓa goge tasa ba ko sau ɗaya."

Ladi ta tura masa sidaddiyar. Ta ce ko zai riƙe wannan, tunda hannun babansa ne a jikinta, ita ta tafi da ɗayar? Ai duk ɗaya ne.

Ya mayar mata da ita gabanta. Ya ce, "A'a. Da ban sani ba ne, da sai in ce to. Yanzu na sani. Ɗauki taku." Ya juyo gare mu. "Kun gani? Huɗu ne. Ta azurfa, farare biyu, da tauraro. Na ba ta a hannunta."

Muka ce mun gani.

Ya ce, "Alhamdu lillahi." Ya zauna a bakin gado ya miƙe ƙafar nan mai kumburi, ya ce, "Mamman, ba ka ba baƙuwa goro ba. Wane irin ɗan kasuwa ne kai?"

Na ba ta fari guda. Ta ɓantara ta tauna, ta yamutsa fuska, ta ce har yanzu da ɗacinsa. Na aika aka karɓo shayi wurin mai shayin bakin kwana, muka sha tare har la'asar. Washegari ta dawo, Inuwa ya raka ta Challawa ta ga kabarin Yahaya daga bakin maƙabarta, ta ga kogin. Ta yi kwana huɗu ta koma. Takan kira wayar Ummi lokaci-lokaci su gaisa, rabi Hausa rabi dariya.

Ƙarshen watan nan Inuwa ya je ofis ya ce a nemi wani maigadin. Manajan sito ya ce, "Baba, wani ya ɓata muku rai ne?" Ya ce babu, aikin da ya tsayar da shi ne ya ƙare. Direbobi suka yi ta tsiya, wai Kyaftin ya yi ritaya ba a buga masa badujala ba. Ya tumɓuke barkononsa ya bar wa sabon maigadi zogalen. Ni na riƙe masa rediyo har bakin mota.

Yanzu Inuwa yana Zawaciki, a ɗakin zauren da Ummi ta fitar masa. Ƙafar ta yi sauƙi tunda ya daina tsayuwa. Nakan je wurinsa ranar Juma'a in na samu mota. Tauraron Yahaya yana cikin gwangwanin nan a kan taga, kuma bai goge shi ba, ya ce yadda mai shi ya bar shi haka zai zauna.